Gidan da Zai Ga Jikoki: Me Ke Hana Ginin Yau Ƙarko?

Washegarin ruwan dare a watan Agusta, unguwannin bayan garin Kano kan tashi da aiki tun kafin karin kumallo. Mata na kwarfe ruwa daga tsakar gida da robobi, yara na jan katifu da tabarmi zuwa rana. Maigida kuwa yana dawowa daga sallar Asuba sai ya zagaya bayan gida yana bin bango da kallo. Wani ya tarar tsagar da ya toshe bara ta sake buɗewa, daga kusurwar taga har ƙasa. Wani ya tarar katangar da ta raba shi da maƙwabci ta kwanta a cikin lungu. In aka ɗauki ɓallin bulon da ya faɗi aka murza a hannu, sai ya marmashe ya koma yashi.

Abin da ya fi ciwo, yawancin gidajen nan ba tsofaffi ba ne. Akwai wanda bai cika shekara 10 ba. Ƙofarsa ta ƙarfe ce mai ado, falo ya sha tayil, silin ya sha fitilu. Mai shi ma'aikaci ne ko ɗan kasuwa da ya yi shekaru yana tarawa: bana ya ɗauki adashe ya sayi bulo, baɗi ya sayar da gonar gado ya yi rufi. Ya gina ne don 'ya'ya da jikoki su gada, ga shi tun yana raye ginin ya fara gajiya.

A cikin birni kuma Gidan Makama, wanda asalinsa ke komawa ƙarni na 15, zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, yana nan tsaye, kuma da ƙasa aka yi shi. Mutane na yawan haɗa waɗannan biyun su yi tambaya: ta yaya jar ƙasa ta ga ƙarnoni, siminti da rodi suka kasa ganin aurar da ɗiyar fari?

Damina ce ke tona asiri

Shekarun baya-bayan nan ba su yi wa gine-gine da sauƙi ba. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Najeriya, ta lalata dubban ɗaruruwan gidaje, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki. A Satumbar 2024 madatsar Alau ta ɓalle, ruwa ya mamaye babban ɓangare na Maiduguri. A daminar wannan shekarar ce Nijar ta rasa sama da mutum 300, jihar Maraɗi a kan gaba, har tsohon masallacin Damagaram na ƙarni na 19 ya rushe. A ƙarshen Mayun 2025 aka wayi gari da musibar ambaliyar Mokwa.

Akwai kuma waɗanda suka zube ba da ambaliya ba. A ƙarshen Agustan 2022 wani bene da ake kan ginawa a titin Beirut a Kano ya rufta a kan 'yan kasuwar waya. A Yulin 2024 wata makaranta mai bene ta faɗo wa ɗalibai a Jos, aka rasa sama da rai 20.

Waɗannan su ne ake ji a rediyo. Gidan talaka da ɗaki ɗaya ya faɗi, ko bango ya tsage har ana hango waje, ba ya shiga labarai, kuma shi ya fi yawa. Babu ginin da zai tsaya wa ruwan madatsa, wannan gaskiya ne. Amma a layi ɗaya, bayan ruwa ɗaya, za a ga wani gida ya zube, na kusa da shi ko gezau. Bambancin yana can a wuraren da ido ba ya gani: ƙasar da aka yi ginin a kai, zurfin fandisho, ƙarfin bulo, da yadda aka ɗaure rufi. A nan ne kuma aka fi yin tsimi, don ba wanda zai zo murnar tarewa ya yaba fandisho.

Matsalar kan fara tun daga fili

Lokacin rani ake cinikin fili, lokacin da ko'ina ya bushe ya yi fes. Dillali zai nuna fuloti, ya lissafa kusancinsa da titi da makaranta, ba zai ce a watan Agusta nan ne ruwan unguwa uku ke haɗuwa ba. Tsofaffin magina kan ba da shawarar mutum ya je ya ga fili bayan an yi ruwa mai ƙarfi, ya tambayi manoman da suka noma wurin da dattawan unguwa. Inda aka taɓa noman shinkafa ko rake, ruwa ya san hanyarsa, kuma zai dawo.

Kano na da wata matsala tata. Kududdufan birnin ramuka ne da aka haƙi ƙasar gini shekaru aru-aru, daga baya suka zama matattarar ruwan sama. Da gari ya cika, sai aka bi su ana cikewa da shara da ɓaraguzai ana yankawa. Ɓarna biyu ke nan a lokaci ɗaya. Ruwan da ya saba kwanciya a nan ya rasa wurin zuwa, ya faɗa gidajen mutane. Gidan da aka ɗora a kan juji kuma yana zaune ne a kan leda da tsumma da toka, waɗanda za su ci gaba da lotsawa shekara da shekaru, bango na bin su.

Ga kuma filayen awon igiya, waɗanda aka yanka ba tare da tsarin hukuma ba. Sun fi araha, shi ya sa talaka ke rububinsu. Sai dai mai yankan na son fitar da fuloti da yawa, don haka lungu kan matse, ba a bar wa lambatu wuri ba, kowa ya ɗaga ƙofar gidansa ya tura wa maƙwabci ruwa.

A wasu yankunan ƙasar ce da kanta ke motsi. Baƙar lakar da ake kira firgi a Borno, da irinta a sassan Gombe da Adamawa, tana kumbura in ta sha ruwa, ta tsuke ta dare da rani. Fandishon da ya isa a kan tsandaurin Katsina ba zai yi aiki a nan ba. Injiniyoyi kan ce ko dai a haƙa har a wuce lakar, ko a shimfiɗa kankare da ragar rodi a ƙarƙashin gidan gaba ɗaya, don in ƙasa ta motsa gidan ya motsa a dunƙule. Gwajin ƙasa na da kuɗi, amma bai kai kuɗin tayil ɗin falo ɗaya ba a gidaje da yawa.

Takarda ma ɓangare ce ta ƙarko. Dokar amfani da ƙasa ta 1978 ta danƙa filaye a hannun gwamnoni, kuma gidan da ya hau hanya ko magudanar ruwa ko filin makaranta na iya ganin jan fenti ko da da dutse aka gina shi.

Abin da maginan dā suka sani

Ginin ƙasa na Hausa ba kwaɓa laka a mammanna ba ne. Magini na zaɓen ƙasa, galibi jar ƙasa mai burji. A jiƙa ta, a zuba ciyawa, a tattake da ƙafa, a bar ta ta kwana ta tsima, a sake juyawa. Daga nan a mulmula tubali da hannu, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya har ya bushe ƙamas. Da rani ake gini, a ɗora layi a bar shi ya sha iska kafin a ƙara wani. Bangon na da kauri sosai daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake tashi, don haka nauyinsa na zaune a gindinsa.

Rufin soro da azara ake yi, wato tsagin itacen giginya, wanda gara ba ta cika iya masa ba. Azara ba ta da tsawon da za ta ƙetare babban ɗaki, sai magina suka ƙirƙiro bakan gizo da ɗaurin guga, suna jera ta hawa-hawa a cikin laka har a samu zaure mai faɗi ba ginshiƙi a tsakiya. Ƙololuwar wannan fasaha ita ce Masallacin Juma'a na Zariya, wanda Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wajejen shekarun 1830.

Inda suka fi nuna basira shi ne wajen faɗa da ruwa. Makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, ana haɗa ta da ƙasa a shafe bango, ta yi masa duhu da santsi, ruwa ya riƙa zamewa. Laso ya fi ta ƙarfi: katsi daga karofi, gashin jima daga majema, da dafara, a haɗa a shafe saman soro da rawani. Indararo na tofar da ruwa nesa da bango. Dakalin ƙofar gida, wanda ake ɗauka wurin hira ne kawai, yana kare gindin bango daga feshin ruwa. Marini da majemi da magini duk suna cin abinci a jikin gini ɗaya.

Sai babban sharaɗi: yaɓe. Kafin kowace damina maigida zai hau soro ko ya hayar da magini, a toshe tsaga, a share bakin indararo, a sabunta shafe. Gidan Makama da hasumiyar Gobarau a Katsina da masallacin Agadas, mai hasumiyar da ta kai kimanin mita 27, sun daɗe ne saboda hannu bai taɓa barin jikinsu ba.

Bai kamata a yi wa ginin ƙasa yabon da ya wuce kima ba. In ruwa ya kwanta a gindinsa kwana biyu, zai narke ya zauna, kuma kowace damina ana rasa rayuka a ƙauyuka a ƙarƙashin ɗakunan ƙasa. Shi kansa masallacin Zariya wani sashensa ya rufta a Agustan 2023 ana cikin sallar La'asar, mutane suka rasu. Giginya ta yi ƙaranci, karofi da yawa sun mutu, masu haɗa laso sai an tona. Abin takaicin shi ne da aka koma siminti, an yar da ƙasar an kuma yar da tarbiyyar da ke tare da ita. Mutane suka ɗauka ginin bulo in an gama an gama, ba ya son a waiwaye shi.

Buhu ɗaya, bulo nawa?

Duk wanda ya yi gini a 'yan shekarun nan ya san zafin siminti. Buhun kilo 50 da ake saye ƙasa da naira 5,000 kafin 2023 ya haura 10,000 a wurare da yawa a farkon 2024, har gwamnatin tarayya ta zauna da Dangote da BUA da Lafarge a watan Fabrairu aka yi maganar mayar da shi tsakanin 7,000 da 8,000. Wannan kuwa a ƙasar da ke da manyan masana'antu a Obajana da Kalambaina da Ashaka da Gboko. Rodi da katako da kwano duk sun bi sahu.

Tsadar nan a jikin bulo ta fi sauka. Masana gini kan ce buhu ɗaya ya fitar da bulo mai inci 9 kimanin 30, ko sama da haka kaɗan. A gidajen bulo da dama ana fitar da 50, wasu ma su wuce. Mizanin hukumar kula da ingancin kayayyaki ta SON ya gindaya ƙarfin da bulo zai kai kafin ya ɗauki nauyin gini, kuma gwaje-gwajen da ake yi a jami'o'in ƙasar nan sun sha nuna cewa yawancin na kasuwa ba ya kaiwa.

Masu buga bulo na da tasu hujjar. Suna cewa mai saye farashi yake tambaya, ba ƙarfi ba. In ka buga mai kyau ka ɗora naira ɗari, sai ya tsallaka gidan bulon da ke kallonka. Wasunsu na ajiye kashi biyu, na kasuwa da na oda, kuma duk wanda ya nemi na oda ya biya za a buga masa. Birkiloli na cewa su abin da aka ba su suke aiki da shi: maigida ne zai kawo buhu 10 inda ake buƙatar 15, ya ce a lallaɓa. Masu gida kuma na kuka da cin amana, musamman wanda ke aiki a Legas ko Abuja ko Saudiyya yana turo kuɗi. Hotuna za su yi ta zuwa a WhatsApp, gini na tashi, amma ba hoton da ke nuna buhu nawa ya shiga kwaɓi, nawa ya bi ta bayan gida.

Kowannensu na da gaskiya a wani gefe, amma dukansu sun san araha ba ta ado. Akwai gwajin da ba ya buƙatar injiniya: a ɗaga bulo zuwa ƙirji a sake shi a ƙasa mai tauri. Mai kyau zai tsaya, ko ya rabu gida biyu. Marar kyau zai tarwatse. A karce shi da ƙusa, in yashi na zuba a bar shi. Wanda ke da hali ya sayi simintinsa da yashinsa, ya kira masu inji su buga a gabansa, ya yi sati yana ba shi ruwa, kada a ɗora shi a gini sai ya yi ƙwari.

Abin da ƙasa ke rufewa

Tun ran gini, tun ran zane. Kuskuren fenti ana gyara shi a yini ɗaya, na fandisho kuwa sai dai a zauna da shi ko a rushe.

A gidan da ba bene ba, a kan ƙasa mai kyau, ana haƙa ne har a tarar da ƙasa mai tauri wadda ba ciko ba, abin da kan kai ƙafa uku ko fiye. Faɗin kankaren ƙasa ya ninka kaurin bango sau uku. Kwaɓin da aka sani na kankare mai ɗaukar nauyi shi ne ɗaya, biyu, huɗu: buhun siminti ɗaya, wanda ke cika kwanon lebura biyu, sai yashi kwano huɗu da tsakuwa kwano takwas. Yashin ya zama na rafi mai kaifi, ba mai laka ba. Leburori na son sake kwaɓi da ruwa don ya yi sauƙin ɗiba, alhali kowane bokitin da ya wuce ƙa'ida ƙarfin kankaren yake ragewa.

Daɓen gida ya ɗara titi tsawo sosai. Duk lokacin da aka gyara hanya ana ƙara mata ciko, shi ya sa a tsofaffin unguwanni za a ga gidajen da a dā ake hawa matakala a shiga, yau sai an gangara. Kafin a zuba daɓe a shimfiɗa leda mai kauri, a kuma raba bango da damshin ƙasa da abin da magina ke kira DPC. Rashinsa ne ke sa gindin bango ya riƙa jan ruwa, fenti ya kumbura, filasta ta yi farin gishiri tana zuba. Mutane kan rufe wurin da tayil, damshin kuwa sai ya haura sama da tayil ɗin ya ɓullo.

Rodi ma sai an sa ido. Ana sayar da wanda aka ce milimita 12 ne amma in aka auna bai kai ba, akwai kuma mai karyewa in an lanƙwasa. Ya kamata kankare ya lulluɓe shi ta ko'ina da kaurin kimanin inci ɗaya, in ba haka ba zai yi tsatsa ya kumbura ya fasa ginshiƙin daga ciki. Linta kuma ta zagaye gidan gaba ɗaya ta ɗaure shi, ba a ɗora guntaye a kan ƙofa da taga kaɗai ba.

Sai abu mafi araha da aka fi wasa da shi, wato ban ruwa. Siminti ba bushewa yake ya yi ƙarfi ba, ruwa yake sha ya ƙulle. Yana buƙatar danshi na aƙalla mako ɗaya, kuma sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da ake auna shi da shi. A zafin Afrilu ko iskar hunturu, kankaren da aka zuba da safe kan bushe kafin La'asar, ya yi fari, ya ƙone. A unguwar da ake sayen ruwa a kura, maigida na ganin ban ruwa asara ce. Buhunan da ya biya da tsada ne ke tafiya a banza. Dakin kuma, wato rufin kankare, katakan da suka tallafe shi su yi kusan mako uku kafin a cire, duk gaggawar kafintan da ke son kai su wani aikin.

Sokawe da masai su yi nisa da fandisho, su fi nisa da rijiya. Darbejiya na da inuwa mai daɗi, amma in ta matsi bango saiwarta za ta ɗaga shi.

Rufi, iska da zafi

Iskar farkon damina ta fi ruwan kanta yaye gidaje. Kwano na tashi ne in katakon da ke riƙe da shi ɗora shi kawai aka yi a kan bulo. Maganin tsoho ne: a dasa rodi ko langa-langa a cikin linta, a naɗe katakon da shi, a yi rawani ya danne bakin kwanon. Katako ya bushe, a shafe shi da maganin gara ko baƙin mai kafin a hau da shi. Kwanon da ya cika sirantaka ƙusa ma yaga shi take, kuma ba ya shekaru kafin tsatsa ta huda shi.

Yayin dogon rufi mai tsini ya shigo Arewa, ana kashe masa kuɗin da zai gina ɗaki biyu. Yana da kyan gani, yana kuma rage zafi in an bar masa mashigar iska, amma yana tarar iska sosai, don haka ɗaurinsa sai ya fi na kowa.

Zafi na cikin abin da ke kashe gida ko bango bai tsage ba. A Sakkwato da Maiduguri da Kano ma'aunin zafi kan haura 40 a watan Afrilu. Ɗakin bulo mai gajeren silin da taga ɗaya, da tsakar gida da aka malale da siminti ko aka rufe da kwano, ba ya kwantuwa in ba wuta. Iyali kan koma kwana a waje, ko a cunkushe a ɗaki mai zafi a lokacin da ake fargabar sanƙarau. Tsarin gargajiya na zaure da buɗaɗɗiyar tsakar gida da rumfa da bishiya ya san wannan yanayi. Tagogi masu kallon juna da silin mai tsawo ba sa ƙara wani kuɗin kirki in tun a zane aka sa su.

Ina ƙwararru, ina hukuma?

Najeriya na da kundin ƙa'idojin gini tun 2006, akwai hukumomin rajistar injiniyoyi da masu zane da magina, irin su COREN da ARCON da CORBON, akwai kuma hukumomin tsara birane na jihohi kamar KNUPDA a Kano. NiMet da NIHSA na fitar da hasashen damina da na ambaliya kowace shekara. Duk da haka mafi yawan gidajen iyali ana gina su ne ba tare da wani ƙwararre ya leƙa ba. Birkila ne mai zane, shi ne injiniya, da sanda yake zana ɗakuna a ƙasa.

Ƙwararru na ganin mutane na gudun ɗan kuɗin shawara su faɗa babbar asara. Masu gida na ganin neman izinin gini wahala ce da kashe kuɗi, kuma jami'i ya fi zuwa karɓar tara fiye da duba rodi. Jami'an kuma na kukan ƙarancin ma'aikata a biranen da kullum sabuwar unguwa ke tsirowa. Bashin gina gida, ko na asusun NHF da aka kafa a 1992 ake cirar kashi 2.5 na albashin ma'aikata, kaɗan ne ke samu. Shi ya sa ake gini a guntu-guntu, bango ya yi damina uku ba rufi, rodi a tsaye yana tsatsa. Wanda kuɗinsa ba su da yawa gara ya yi ɗaki biyu ya rufe ya shiga, da ya baza ɗaki shida ya bar wa ruwa.

Ƙasa ta dawo da sabuwar fuska

A Nijar an ɗauki wata hanya da ta cancanci a duba. Falke Barmu, maginin gargajiya, ya fara masallacin Yama a jihar Tawa a 1962, aikin da ya ci lambar Aga Khan a 1986. Shekaru bayan haka mai zanen gine-gine Mariam Issoufou da abokan aikinta suka gina rukunin gidajen Niamey 2000 da tubalin ƙasa da inji ke matsewa, suka kuma yi ginin Hikma a Dandaji a 2018, inda aka mai da tsohon masallacin ƙasa ɗakin karatu, aka gina sabo kusa da shi da irin wannan tubali. A Burkina Faso, Francis Kere ya fara da makarantar ƙauyensu Gando, ya kai ga lambar Pritzker a 2022.

Dabarar ba ɓoyayya ba ce: jar ƙasa, siminti kaɗan da bai kai kashi 10 cikin 100 ba, matsi mai ƙarfi, fandishon dutse ko kankare da ya ɗaga bangon daga ruwa, da rufi mai baki da ke kare shi daga sama. Ɗakin ya fi na bulo sanyi. Cibiyar binciken gini ta NBRRI a Najeriya ta daɗe da ƙera injinan wannan tubali. Abin da ya hana shi yaɗuwa shi ne ƙarancin maginan da suka iya, da kuma kallon da ake wa ginin ƙasa a matsayin alamar talauci. Saurayin da ya ce gidan ƙasa zai ajiye amarya sai ya sha bayani a gidan surukai.

Ranar rabon gado

Akwai gidajen da damina ba ta kayar ba, gado ya kayar. Maigida ya rasu ya bar mata da 'ya'ya goma sha, gida ɗaya ne, ba ya rabuwa, sai a yi masa kuɗi a sayar. Mai saye ya rushe ya yi shaguna. Wani lokaci ɗa ya gina sashensa a cikin gidan mahaifi da kuɗinsa, ba shaida ba rubutu, ranar rabo 'yan'uwa su ce duk na marigayi ne. Shari'ar kan ɗauki shekaru, gidan na kulle, rufi na yoyo ba mai gyarawa don ba wanda ya san ko nasa ne.

Malamai da alƙalai na yawan jan hankali cewa in uba ya ba ɗa wuri kyauta, a yi a gaban shaidu, a rubuta, ɗan ya karɓa tun uban na raye. Masu zane kuma na ba da shawarar a tsara gida sashe-sashe, kowanne da hanyar shigarsa da makewayinsa, yadda zai rabu ba sai an sayar ba.

Iyali na ƙaruwa, fili ba ya ƙaruwa, don haka magada kan yanke shawarar ɗora bene. Nan ne haɗari yake, domin fandishon da aka yi wa hawa ɗaya ba zai ɗauki biyu ba, kuma wanda ya san abin da aka binne a ƙasa ya riga mu gidan gaskiya. Mai niyyar a ɗora wata rana ya faɗa wa injiniya tun farko, a yi fandisho da ginshiƙan bene ko da kuɗin hawa ɗaya ne a hannu. Zanen ginin da hotunan rodin kafin a zuba kankare a haɗa su da takardar fili a wuri ɗaya, a nuna wa manyan 'ya'ya, maza da mata, inda aka ajiye.